Ina Sauri Ya Ƙare, Ina Gaggawa Ta Fara?

A Amurka da Ostareliya da wasu ƙasashen Turai akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tsintar duwatsu a bakin kogi ko a hamada, su kawo gida su goge su har su yi sumul suna ɗaukar ido. Na'urar aikin ba ta da wuyar haɗawa, shi ya sa da yawansu suke ƙera tasu da kansu. Ganga ce mai shimfiɗar roba a ciki, kwance a kan sandunan ƙarfe biyu. Injin lantarki, wanda masu gyara suke ce wa mota, shi ke juya sanda ɗaya ta hanyar bel da fuli, sandar kuma ta juya gangar. Ana zuba duwatsu su kai kusan kashi biyu cikin uku na gangar, a sa garin gogewa, a ƙara ruwa, a rufe, a kunna, a bar ta tana juyi dare da rana har makonni. Duk wanda ya zo haɗa wannan na'ura, tambayarsa ta farko ita ce wane inji zai ɗora mata, kuma galibi idonsa yakan fara sauka a kan wanda ya fi ƙarfi ya fi gudu, don a tunaninsa aikin wata guda zai dawo na mako guda. Wannan zaɓi yana ɓata duwatsun, wani lokaci har ya ƙone injin. Dalilin hakan kuwa ya taɓo wata tsohuwar mas'ala da ta fi duwatsu nauyi, wato bambancin da ke tsakanin saurin da addini ya yaba da gaggawar da ya zarga.

Mas'alar ta taso ne daga nassoshi iri biyu da a zahiri suke kamar suna ja da juna. Alƙur'ani, a Suratul Isra'i da Suratul Anbiya'i, ya siffanta ɗan Adam da cewa mai gaggawa ne, kuma siffantawar ta zargi ce. Bahaushe ma cewa yake gaggawa aikin Shaiɗan. Amma Littafin nan dai, a Baƙara da Ali Imrana, ya umarci muminai da rige-rige zuwa ga alheri da hanzarin neman gafara. Idan sauri laifi ne, don me aka yi umarni da shi? Idan abin yabo ne, me ake zargi? Amsar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce abin a zuciya yake: mai gaggawa shi ne wanda ransa ya tashi, mai haƙuri shi ne wanda hankalinsa yake kwance. Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, kuma malamai na da sun faɗi abin da ya fi ta. Ragib Al-Asfahani ya bayyana gaggawa da neman abu kafin lokacinsa. Ibnul Ƙayyim, a littafinsa Ar-Ruh, ya raba ta da hanzari da cewa mai hanzari yana kama dama idan lokacinta ya yi, mai gaggawa kuwa yana fizgo ta tun ba ta nuna ba. A wannan fahimta ma'aunin yana cikin aikin ne, tun ranar da Allah ya halicci kowane abu da gwargwadonsa, kamar yadda Suratul Ƙamar ta tabbatar. Idan kuwa haka ne, ba wanda zai san ko yana gaggawa sai ya san aikin da yake yi, kuma haƙurin da ba ilimi a ƙarƙashinsa haƙuri ne na rabi. Abin da nake so in kafa ke nan, kuma gangar duwatsu ta dace da hujja domin a cikinta ana iya auna iyakar da lamba.

Duwatsu suna goguwa ne idan ganga ta ɗaga su ta gefe ɗaya har wani tsayi, sannan suka gangaro a kan junansu da garin gogewa a tsakaninsu. Wannan gangarowar ita ce aikin baki ɗaya. Idan aka ƙara gudu kaɗan, gogewar tana ƙaruwa, kuma a nan mai son sauri yana da gaskiya. Idan aka ci gaba da ƙarawa, sai duwatsun su daina gangarowa, su fara tashi sama suna faɗowa a kan na ƙasa. Kunne ma yana jin canjin, domin ƙarar da take fita a hankali cikin taɓo takan koma ƙwas-ƙwas. Duwatsu masu gautsi irin farin dutsen ƙanƙara sai su fara tsagewa, gefunansu su yi fari-fari da tabon bugu. Idan aka ƙara a kan wannan, sai a kai matsayin da duwatsun za su manne da bangon ganga su riƙa zagayawa tare da ita, kamar ruwan bokitin da yaro yake juyawa da ƙarfi sama da kansa amma bai zuba ba. A nan inji yana ta kuka, mita tana cin kuɗi, amma ba dutsen da yake gogar ɗan'uwansa. Injiniyoyin da ke ƙera manyan gangunan niƙa siminti da ma'adinai sun daɗe da sanin lissafin wannan iyaka. Gangar da faɗinta ya kai santimita 15 takan kai iyakarta a wajen juyi 110 a minti, mai santimita 30 kuma a wajen juyi 77, wato duk yadda ganga ta ƙara girma dole a ƙara sassauta mata. Su masu niƙa siminti suna gudanar da nasu gangunan a kusan kashi uku cikin huɗu na iyakar, domin fasawa suke so. Mai goge dutse yana tsayawa a wajen rabinta ko ƙasa. Ganga ɗaya ce, kayan ciki iri ɗaya, amma gudu kaɗai ya raba mai gogewa da mai fasawa da wadda ba ta yin komai. Malaman fiƙihu suna da ƙa'idar da ke cewa wanda ya nemi abu kafin lokacinsa ana hukunta shi da rasa shi, kamar magajin da ya kashe wanda zai gada. A cikin ganga ba alƙali ba shaidu, amma hukuncin yana zartuwa.

Kada a ɗauka cewa darasin shi ne a rage gudu iya ragewa. Idan ganga ta cika nawa, duwatsun ba sa hawa su gangaro, sai dai su riƙa zamewa a dunƙule a ƙasan ganga, garin ya kwanta, wasu su sami faffaɗan gefe maimakon su zagaye. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma wanda ya saita gangarsa a juyi biyar a minti zai yi wata shida yana haƙuri bai sha romo ba, kuma haƙurinsa bai zama abin yabo ba, tunda rashin sani ne ya jawo masa jiran. Abin da ake nema lamba ce da ke tsakanin iyaka biyu, kuma da lissafi ake kai mata. Injin da aka fi samu yana juyi wajen 1,450 a minti a wutar da ke kai da komo sau 50 a daƙiƙa, irin ta Nijeriya da Nijar da Turai, yayin da irinsa a Amurka, inda wutar take sau 60, yake yin wajen 1,725. Wanda ya kwafi tsarin wani Ba'amurke bai duba wannan ba, gangarsa za ta yi ƙasa da abin da aka nufa da kashi ɗaya cikin shida. A ɗora wa inji fuli mai santimita 4, a ɗora wa sanda mai santimita 20, sandar ta dawo juyi 290. Idan kaurinta da robar da aka sa mata santimita 2.5 ne, gangar kuma 15, to gangar za ta yi wajen juyi 48 a minti. An rage gudun inji sau talatin ke nan. Kuma abin da aka rage bai salwanta ba, domin gwargwadon gudun da aka bari, gwargwadon ƙarfin murɗawar da aka samu. Shi ya sa ɗan ƙaramin inji yake iya juya ganga cike da dutse.

Sai maganar irin injin, wadda ta fi ta gudu ruɗar mutane. A kowane gida ko shagon gyara ana samun tsohon injin huda bango, ko giranda, ko bilenda, kuma duk suna da ƙarfi a hannu. Amma irin waɗannan suna aiki ne da kabon da ke gogar sashen da ke juyawa, suna gudu dubbai a minti, wasu fiye da 10,000, kuma an yi su ne su yi aikin mintoci su huta. Zagaye ɗaya na goge duwatsu aƙalla mako huɗu ne, wato sa'o'i 672, wanda a cikinsu ganga za ta juya kusan sau miliyan biyu. Kabon zai cinye, wayar ta yi zafi ta ƙone. Injin da ya dace shi ne irin wanda Nikola Tesla ya yi wa rajista a 1888, wanda ba shi da kabon, ba abin da ke goguwa a cikinsa sai boris. A jikinsa akwai ɗan allon ƙarfe mai bayani, kuma alamar da ake nema a kai ita ce S1, wadda a ƙa'idar ƙasa da ƙasa take nufin injin da aka yi don aiki ba tsayawa. Sirrinsa ba yawan ƙarfi ba ne. Zafin da yake haifarwa ne yake daidai da zafin da jikinsa yake iya fitarwa, sai ya hau zuwa wani mataki ya tsaya a nan ko da zai shekara. Ko injin fanka, mai kwana yana aiki, da iskar fukafukansa yake sanyaya kansa, idan aka cire su aka ɗora masa ganga sai ya dahu. Hadisin Nana A'isha da ke Bukhari da Muslim ya nuna cewa aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne, kuma labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya fassara shi. Yana saurayi ya ɗaukar wa kansa azumi kullum da tsayuwar dare gaba ɗaya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauko da shi yana tuna masa cewa jikinsa da idonsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa. Abdullahi ya yi ta neman ƙari har aka tsaya a azumin Annabi Dawuda, yini ɗaya a yi yini ɗaya a sha. Da ya tsufa sai ya riƙa cewa da ma ya karɓi sauƙin da aka ba shi. Niyyarsa ba ta da aibi ko kaɗan. Abin da bai auna ba shi ne nauyin da jiki zai iya ɗauka har tsufa.

Za a ce: to ai babban inji ya fi aminci, gara ƙarfi ya yi yawa da ya gaza. A wannan magana akwai gaskiyar da ba za a tsallake ba. Idan aka ɗauke wuta ganga ta tsaya na sa'o'i, taɓon cikinta yakan kwanta ya yi tauri, kuma idan wuta ta dawo inji yana buƙatar ƙarfin tashi fiye da na tafiya. Injin da ya cika ƙanƙanta zai tsaya yana gurnani har ya ƙone, idan ba shi da abin da ke yanke wuta in ya yi zafi. Haka kuma ana auna yawancin injuna ne a kan zafin wuri da bai wuce digiri 40 ba, alhali Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna wuce haka a watan Afrilu, kuma injiniyoyi suna aiki da ƙiyasin cewa ƙarin digiri 10 yana rage rayuwar rufin waya da rabi. Don haka a bar rara, wannan hankali ne. Amma rara daban, ɓarna daban. Gangar da take ɗaukar kilo biyar zuwa bakwai, injin da ke da kwatan ƙarfin doki ya ishe ta har da saura. Wanda ya ɗora mata mai ƙarfin doki ɗaya, wato wat 746, bai rage wa aikin ko minti ɗaya ba, tunda gudun ganga a ƙayyade yake. Abin da ya ƙara shi ne wutar da ake ci a banza, da bel ɗin da zai iya fizge yatsa ko hannun riga bai ko lura ba. Suratu Saba'i ta ba da labarin yadda aka tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe, aka umarce shi da ya ƙera sulke ya kuma kiyaye gwargwado a saƙarsa. Masu tafsiri sun ce ma'anar ita ce kada ƙusar ta yi siriri ta riƙa rawa a cikin zobe, kada kuma ta yi kauri ta fasa shi. Annabin da aka ba mu'ujiza a kan ƙarfe ma ba a ɗauke masa awo ba.

Akwai ƙalubalen da ya fi wannan zurfi. Wani zai ce na'urar ita kanta gaggawa ce: abin da kogi yake yi a shekaru masu yawa, mutum ya zo yana so a wata guda, to da wane baki mai ita zai yi wa wani wa'azin haƙuri? Amsar tana cikin duba abin da ganga ta gajarta. Dutsen da ke kwance a kogi yawancin rayuwarsa ba ya motsi, sai ruwa ya cika ya tura shi, kuma yashin da ke gogarsa taurinsu kusan ɗaya ne. A ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, yashin kogi da dutsen aƙiƙ duk suna wajen 7. Ganga ta cire zaman banzan da ke tsakanin ambaliya da ambaliya, ta kuma sa garin silikon kabaid, wanda Edward Acheson ya samar a Amurka a 1891, mai taurin da ya wuce 9. Sababin da Allah ya sa a kogi shi ne dai a ganga, wato gogayya, an dai tara shi wuri ɗaya an hana shi yankewa. Mutane ma sun riga lantarki gane wannan. A Kambat ta Gujarat, a Indiya, masu yin tsakiya sun kasance suna zuba duwatsun a jakar fata da garin gogewa da ruwa, mutum biyu su zauna suna mirgina ta tsakaninsu har kusan mako biyu. A Ilori kuwa, a da, da hannu ake goge dutsen lantana, wanda fatake suke kawowa daga bakin kogin Kwara a ƙasar Nijar ta yau, ɗaya bayan ɗaya a kan dutsen gogewa. Ba mai cewa Ba'indiyen ya fi Bayaraben gaggawa don ya goge da yawa a lokaci ɗaya. Ya gano sababi ne ya yi aiki da shi, kuma hore wa mutum abin da ke ƙasa ni'ima ce da Alƙur'ani ya ambata a wurare da yawa.

Haka amsar take ga wanda zai kawo misalin na'urar zamani mai karkarwa maimakon juyawa, wadda takan gama cikin mako ɗaya ko biyu, ya ce ga shi an karya iyakar. Ita wannan tana sheƙar da dutse da sauri amma ba ta zagaye shi, yadda ya shiga da kusurwoyinsa haka zai fito, shi ya sa ƙwararru suke fara aiki a mai juyawa su ƙarasa a mai karkarwa. Ilimi ya buɗe wata ƙofa mai nata sharaɗin. Kuma ko a wacce na'ura, matakan gari ba su tsallakuwa: mai kaushi mai lamba 60 zuwa 90 ya cinye kusurwa, mai lamba 220 ya share zanen da na farko ya bari, mai lamba 500 ko 600 ya share na biyu, sannan garin sheƙi. Wanda ya tsallake mataki, ko ya bar ƙwayar garin farko a ramin wani dutse bai wanke ba, zai buɗe ganga bayan wata guda ya tarar da duwatsu dishi-dishi.

Ƙalubale na ƙarshe shi ne wanda na fi girmamawa: inji ba hujjar shari'a ba ne, dutse ba shi da niyya, kuma mutum ba mota ba ne da za a manna masa allon S1. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba a ciro halal da haram daga ganga. Abin da ganga ta tabbatar ƙarami ne amma yana da tasiri. Ta nuna cewa mutum zai iya zama cikin natsuwa, ya yi bisimilla, ya saita juyi 120, kuma ya kasance mai gaggawa. Wani kuma zai iya ƙagauta har ya kasa barci, amma ya saita 48, kuma bai yi gaggawa ba. Niyya tana da hukuncinta wajen lada, amma ba ta canza ma'aunin aiki. Saboda haka tarbiyyar da ta tsaya a kan cewa mutum ya yi haƙuri, ba ta koya masa sanin abin da yake haƙuri a kansa ba, ta bar shi a tsakanin ɓarna da zaman kashe wando. Matsalar da ta rage ita ce yawancin ayyukan rayuwa ba su da lissafi irin na fuli. Ba lambar da ke faɗin yaushe yaro ya isa a ɗora masa nauyi, ko yaushe labari ya tabbata har a yanke hukunci a kansa. A nan ne ake gane dalilin da ya sa nassi ya fi tsananta wa gaggawa fiye da jinkiri, alhali duka biyun kaucewa ne. Inda lokaci sananne ne kuma ya riga ya yi, umarnin hanzari ne ba sassauci: a gaggauta jana'iza, a gaggauta buɗa baki, mawadaci kada ya ja wa mai binsa bashi rai. Inda ba a san ma'auni ba kuwa, kamar labarin da fasiƙi ya kawo wanda Suratul Hujurat ta ce a bincika, sai aka ce a dakata, domin asarar ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ce. Mai haɗa ganga da bai tabbatar da lissafinsa ba ya fi masa ya fara da ƙaramin fuli a kan inji, ya buɗe bayan mako ya wanke duwatsun ya duba. Idan gudun ya yi kaɗan, mako guda ya rasa, sai ya canza fuli. Dutsen da ya tsage kuwa sai dai a mayar da shi garin farko a cinye shi har ƙasan tsagar, idan ma girmansa zai kai ya jure hakan.